Wane mai ne ya fi kare fatar mara lafiyar da ba ya iya riƙe fitsari?

Maman_Haidar:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan uwa, ina neman shawarar waɗanda suka taɓa jinyar tsoho a gida, musamman ma'aikatan lafiya da ke cikin wannan zaure. Mahaifiyata ta samu shanyewar ɓarin jiki tun kafin azumin da ya wuce, kuma tun daga lokacin ba ta iya riƙe fitsari, wani lokaci har da bayan gida, shi ya sa muke sa mata famfas na manya. A 'yan makonnin nan fatar matsematsinta da ta mazaunanta ta yi duhu tana sheƙi, wani wurin ma ya fara saɓewa, kuma duk lokacin da aka zo yi mata tsarki sai ta rintse ido ta damƙe hannun mai wankewa saboda raɗaɗi. Muna wanke wurin da sabulun wanka da ruwan ɗumi, mu goge da tawul, mu lafta basilin, sannan mu barbaɗa hoda. Wani mai kemis a unguwarmu ya ce mu bar basilin mu koma farin man nan mai zink da ake shafa wa jarirai, ƙanwar mahaifiyata kuma ta ce ba abin da ya kai man kaɗe. Wanne ne ya fi kare fata, kuma yaya ake shafa shi?

Nas_Bilkisu:
Wa alaikumus salam. Allah Ya ba Hajiya lafiya, ku kuma Ya ba ku ladan jinya. Kafin mu zo kan zaɓen mai, yana da kyau ki san abin da ke cin fatar, domin shi zai nuna miki inda gyaran yake. Lafiyayyar fata tana da ɗan tsami a samanta, wanda a ma'aunin pH yake kusan 4.5 zuwa 5.5, kuma wannan tsamin yana cikin abubuwan da ke hana ƙwayoyin cuta samun wurin zama. Idan fitsari ya daɗe a kanta, ƙwayoyin cutar da ke wurin suna mai da sinadarin yuriya da ke cikinsa ya zama amoniya, wato zarnin nan da ke bugun hanci idan an buɗe famfas da safe, ita kuma amoniya tana kashe wannan tsamin. Daga nan sai sinadaran narkar da abinci da ke cikin bayan gida su samu ƙarfi su shiga narkar da fatar kanta. Ga kuma laima, wadda ke sa fata ta yi laushi ta jiƙe, kamar yadda yatsu ke yamutsewa idan mutum ya daɗe yana wanki, kuma fatar da ta kai wannan hali ko ɗan gogar tawul tana iya saɓule ta.

To, a cikin abin da kika lissafa, sabulun ne ya fi damuna. Sabulun wanka na dunƙule yana kaiwa 9 ko 10 a wannan ma'aunin, har da sabulun salo, wato kishiyar tsami ne kamar amoniya, saboda haka aikin da amoniya ta fara shi ne yake ƙarasawa. Ki koma wanke wurin da ruwan ɗumi zalla da tsumma mai laushi ko auduga, daga gaba zuwa baya, kuma maimakon gogewa ki riƙa danna tawul a hankali har wurin ya tsane, musamman cikin lungu-lungun cinya. Hodar ma ki ajiye ta, domin idan ta haɗu da mai da fitsari curewa take yi ta maƙale a lungu tana ƙara gurje fata.

Abu_Yasir:
Ni dai basilin kawai muka yi wa mahaifinmu amfani da shi har Allah Ya yi masa rasuwa, kuma fatarsa ba ta taɓa buɗewa ba. Ban ga dalilin da zai sa a kashe kuɗi a kan wani mai ba.

Famasis_Aminu:
Malam Abu_Yasir, Allah Ya jiƙan Baba. Basilin yana da amfani, kuma ba wanda ya ce a jefar da shi, amma ina tsammanin mahaifinku fitsari kawai yake yi kuma kuna canza masa da wuri. Mayukan kare fata da ake samu a kemis asalinsu uku ne ko huɗu. Akwai basilin da 'yan uwansa, waɗanda ke hana ruwa ratsawa kuma suna da araha, sai dai suna narkewa da zafin jiki, kuma idan an lafta su da yawa suna shafar cikin famfas su toshe ƙananan ƙofofin da ke zuƙe fitsari, sai fitsarin ya tsaya a kan fata maimakon ya shige cikin audugar. Wannan shi ne abin da nake zargi a wajen Maman_Haidar, tunda ta ce laftawa suke yi.

Akwai kuma masu zink, waɗanda a jikin robarsu za ki ga an rubuta zinc oxide tare da adadinsa. Tsohon haɗin nan na zink da man zurma yana da kashi 7.5 cikin 100, Sudocrem yana da kusan kashi 15, akwai kuma masu kauri da ke kaiwa kashi 40. Su ne suka fi jure wa bayan gida, musamman idan akwai gudawa, amma farinsu yana rufe fata har ba a iya ganin halin da take ciki, kuma cire su yana da wuya. Na uku su ne masu silikon, waɗanda ake rubuta musu dimethicone. Ba su da maiƙo sosai, ana hango fata ta ƙarƙashinsu, kuma ba su cika toshe famfas ba. Na ƙarshe wani ruwa ne da ake fesawa ko a shafa ya bushe ya zama siririn rufi a kan fata, irin Cavilon, wanda masu yin sa ke cewa yana iya kai kwana 3, sai dai yana da tsada kuma sai a manyan kantunan magani ake dacewa da shi. Ga wadda take yin fitsari da bayan gida duka, ni zink zan zaɓa.

Gwaggo_Asabe:
'Ya'yana, duk wannan lissafin na ji shi, amma mun yi jinyar iyayenmu da kakanninmu tun ba mu san famfas ba, kuma man kaɗe muka sani. A narka shi a tafin hannu a shafa bayan an wanke, fata ta yi laushi, ƙaiƙayi ya kwanta. Ba a haɗa shi da komai ba, kuma ko a kasuwar ƙauye ana samunsa. Kada ku sa yarinya ta raina maganar ƙanwar uwarta.

Nas_Bilkisu:
Gwaggo, ba wanda zai raina man kaɗe, ni kaina shi nake shafa wa majinyata a ƙafa da baya lokacin hunturu. Aikinsa shi ne tausasa fata da hana ta bushewa, kuma a kan fatar da ba ta buɗe ba babu laifi. Sai dai yana narkewa da ɗumin jiki, saboda haka ba ya daɗewa a wurin da fitsari ke bi a kai a kai, balle gudawa. Sannan a zamaninku zane ake shimfiɗawa iska tana shiga, yanzu kuwa famfas ne mai leda a bayansa wanda ke tsare zafi da laima wuri guda. Abu na biyu, wanda ake aunawa a kasuwa a buɗe yake, hannuwa da ƙura suna taɓa shi, ni kuwa ba zan sa shi a kan fatar da ta riga ta saɓe ba.

Gwaggo_Asabe:
To ai kin faɗi gaskiyar da kanki, famfas ɗin ne matsalar, ba man kaɗen ba.

Dr_Sani_K:
Gwaggo tana da gaskiya ta wani ɓangare, kuma barin wurin a buɗe ya sha iska na ɗan lokaci bayan kowane wanki yana taimakawa ƙwarai. Amma ina da tambayoyi ga Hajiya Maman_Haidar kafin a yanke shawara a kan mai. Shin Mama tana da ciwon suga? Shin a gefen babban wurin da ya yi duhu akwai ƙananan ƙuraje a warwatse? Sannan inda ya saɓe ɗin, a cikin lungun cinya da tsakanin mazaunai yake, ko kuwa a kan ƙashin ƙugu daidai inda take kwanciya?

Maman_Haidar:
Na gode, Likita. Tana da ciwon suga, tana kuma shan magani. Na duba da fitilar waya da rana tsaka, lallai akwai ƙananan ƙuraje a gefe suna bin cinya, wasu da ɗan fari a kansu, kuma tana yawan kai hannunta mai lafiya tana sosawa. Saɓewar a lungun cinya take, amma akwai wani wuri ɗaya a kan ƙashin ƙugu wanda ya fi sauran duhu, ko da yake bai buɗe ba.

Dr_Sani_K:
Abin da kika kwatanta ya yi kama da matsaloli biyu ko uku a haɗe, kuma guda ɗaya kawai daga cikinsu man kare fata zai iya magancewa. Ƙananan ƙurajen da ke warwatse a gefe tare da ƙaiƙayi alama ce ta ƙwayar cutar kandida, irin mai sa farin baki ga jarirai, wadda ke son wuri mai ɗumi da laima, kuma ta fi damun masu ciwon suga da waɗanda suka sha maganin kashe ƙwayoyin cuta kwanan nan. Idan ita ce, zink ba zai kashe ta ba. Ana fara shafa maganinta, irin wanda aka rubuta wa clotrimazole ko nystatin, a bari ya shiga fata, sannan a ɗora man kariyar a sama. Masana a Jami'ar Ghent ta ƙasar Beljiyam sun fitar da wani tsarin tantance wannan ciwo mai suna GLOBIAD, inda suka kasa shi gida biyu, wanda fata ba ta buɗe ba da wanda ta buɗe, kowanne kuma da alamar kamuwa da ƙwayar cuta ko babu. Bisa bayaninki Mama tana rukunin da fata ta buɗe kuma akwai alamar ƙwayar cuta, wanda ya kamata ma'aikacin lafiya ya gani da idonsa.

Wurin da ke kan ƙashin ƙugu kuwa shi ne ya fi tayar mini da hankali, domin nan ne gyambon kwanciya ke fara fitowa. Ciwon da fitsari ke haddasawa shimfiɗaɗɗe ne, ba shi da iyaka takamaimai, kuma a saman fata yake. Gyambon kwanciya daga ciki yake farawa, a kan ƙashi, inda nauyin jiki ya danne jijiyoyin jini. Littattafan da aka rubuta a Turai suna cewa a nemi ja, amma a baƙar fata ja ba ya fitowa sosai, sai dai ki ga wurin ya fi kewayensa duhu ko ya yi shuɗi-shuɗi, kuma idan kin taɓa ki ji ya fi zafi, ko tauri, ko laushi. Babu man da ke hana wannan, juyi ne maganinsa, kusan duk bayan awa 2, da matashi a bayanta da tsakanin gwiwoyi. Kuma kada a murza wurin da sunan tausa.

Gargaɗi ɗaya: kada ki yarda a ba ki mayukan nan masu haɗin magani uku da ake sayarwa don ƙuraje da ƙyasfi. Yawancinsu suna ɗauke da sitiroyid mai ƙarfi, wato maganin kwantar da kumburi da ƙaiƙayi, wanda a cikin famfas yake ƙara shiga jiki, ya sirantar da fata, ya kuma ba kandida damar yaɗuwa bayan ɗan sauƙin kwanakin farko.

Ummu_Rukayya:
Ina so in ƙara wani abu da ba a ambata ba, wato ruwan sha. Na yi jinyar ƙanwata da ta samu yoyon fitsari bayan doguwar naƙuda, kuma fatar cinyoyinta ta ci wuya kafin a yi mata aiki. Dabi'ar masu wannan lalura ce su rage shan ruwa don yoyon ya ragu, alhali hakan yana sa fitsarin ya yi kauri da zarni ya ƙara ƙona fata. A cibiyoyin gyaran yoyon fitsari irin ta Babbar Ruga a Katsina, inda likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya yi aiki tun shekarun 1980, abin da aka fi nanata wa mata shi ne su sha ruwa sosai. Mu da muka bi wannan, muka haɗa da yawan wankewa da ruwa zalla da ɗan basilin, mun ga bambanci kafin ranar aiki. Ina jin tsoffi ma haka suke yi, suna ƙin shan ruwa don kada su wahalar da masu jinya.

Nas_Bilkisu:
Haka ne, Ummu_Rukayya, kuma tsoffi mata sun fi yin wannan saboda kunyar 'ya'yansu. Sai dai mai shanyewar ɓarin jiki yana iya samun matsalar haɗiya, wani kuma yana da ciwon zuciya ko na ƙoda, saboda haka likitan da ke duba Hajiya ne zai faɗi adadin ruwan da ya dace da ita.

Dan_Maradi:
Ku yi mini afuwa, amma duk shawarwarin nan sun ginu ne a kan cewa mutum yana da kuɗin canza famfas duk lokacin da ya jiƙe. Da yawa daga cikinmu guda biyu muke iya sa wa mara lafiya a wuni, ɗaya da dare ɗaya lokacin da za a samu baƙi. Abin da muke yi a gidanmu shi ne da rana mu shimfiɗa leda a kan katifa, mu ɗora tsofaffin zannuwan auduga ninki-ninki a kanta yadda jikinsa ba zai taɓa ledar ba, da zarar ya jiƙe a janye a sa wani. Wanki ne mai yawa, amma a zafin watan Afrilu na ga hakan ya fi famfas sauƙi ga fata. Tambayata ita ce, mai amfani da zane shi ma yana bukatar wannan man?

Famasis_Aminu:
Yana bukata, Malam, domin zane ba ya janye fitsari daga jikin fata yadda famfas mai kyau ke yi, yana nan a jiƙe yana manne da ita har a canza. Amfaninku shi ne matsalar toshewar da na ambata ba ta shafe ku ba, saboda haka basilin zai yi muku. A ɗauraye zannuwan sosai don kada garin sabulu ya rage a jikinsu, a kuma shanya su a rana. Akwai wani haɗari da ya kamata ku sani: mai irin basilin yana shiga cikin zane ya zauna, wanki ba ya fitar da shi duka, kuma zanen da ya sha mai yana kama wuta da sauri. Hukumar kula da magunguna ta Birtaniya ta sabunta gargaɗi a kan haka a 2018 bayan an samu mace-mace. A wajenmu da ake kai kaskon garwashi ɗaki da hunturu, ga turaren wuta, ga maganin sauro na kunnawa a gindin gado, wannan ba ƙaramar magana ba ce ga mutumin da ba ya iya tashi da kansa.

Baban_Khalil:
Me zai hana a sa mata robar fitsari kowa ya huta? Mahaifina da aka sa masa ita a asibiti, fatarsa ta warke cikin ɗan lokaci.

Dr_Sani_K:
Malam Baban_Khalil, akwai lokacin da ake sa robar na ɗan lokaci, misali idan fitsari ya ƙi fita ko kuma akwai babban gyambo da ake so ya bushe. Amma ba a sa ta don sauƙin jinya kawai, domin duk kwanan da ta ƙara a jiki haɗarin ciwon mafitsara yana ƙaruwa, kuma a wajen tsohuwa mai ciwon suga wannan ciwon yana iya hawa ƙoda ko ya shiga jini. Ba ta kuma magance bayan gida, wanda shi ne ya fi cin fata.

Maman_Haidar:
Allah Ya saka wa kowa da alheri. Wata ma'aikaciyar jinya ta zo gida ta duba Mama, ta tabbatar da maganar kandida, ta rubuta magani, ta kuma nuna mana yadda ake juya ta da zane mu biyu ba tare da jan jikinta a kan katifa ba. Mun sayi mai zink ɗin. Matsalar da na fuskanta yanzu ita ce idan na zo canji farin man ba ya fita da ruwa, ina kuma tsoron in goge da ƙarfi. Shin dole ne a cire shi duka kafin a sa sabo?

Nas_Bilkisu:
Ba dole ba ne, kuma ƙoƙarin cire shi duka a kowane canji shi ne ke mayar da aikin baya. Ki share abin da ƙazanta ta taɓa a sama kawai, wanda ya rage manne da fata mai tsabta ki bar shi, ki ƙara kaɗan inda ya goge. Sau ɗaya a wuni, lokacin wanka, ki jiƙa auduga da man jarirai ko man zaitun ki ɗora a wurin na ɗan lokaci, zai saki da kansa, sai ki samu damar ganin fatar da kyau kafin ki sa maganin kandidar. Wajen shafawa, ki sa safar hannu, ki ɗebo kaɗan a kan yatsa ki shimfiɗa shi siriri yadda za ki riƙa hango launin fatar ta ƙarƙashi; idan kin ga cikin famfas ya yi fari fat, to ya yi yawa. Kada ki mayar da yatsan da ya taɓa jiki cikin robar man, gara ki ɗebi abin da kike bukata da ƙaramin cokali tun farko. Idan gudawa ta zo, a nan ne kawai ake ɗan ƙara kauri.

Gwaggo_Asabe:
Kin ga an dawo kan mai irin namu, tunda na kemis ɗin sai da man zaitun yake fita. Ni dai har yanzu ina nan a kan cewa idan fatar ta warke, a bar tsohuwa ta sha iska da rana a kan zane, a shafa mata man kaɗe.

Abu_Yasir:
Nas Bilkisu, to da dare fa? Mu a lokacin Baba ba ma tashinsa idan ya samu barci, sai da asuba, domin barcin ma da ƙyar yake samu.

Nas_Bilkisu:
Wannan ya danganta da abin da ke cikin famfas ɗin da kuma halin fatar. Idan fitsari ne kawai, fatar lafiya lau, famfas ɗin kuma mai ɗaukar ruwa da yawa ne, ana iya barin mutum ya yi barcinsa. Bayan gida kuwa ba a barinsa ko da ƙarfe biyun dare ne. A wajen Hajiya, tunda ana tashi juya ta saboda wurin nan na ƙugu, sai a duba famfas ɗin a lokaci guda, kuma kada a ninka biyu ko a cusa tsumma a ciki don ya kai safe, domin hakan zafi da gogayya yake ƙarawa.

Dan_Maradi:
Malam Aminu, ka ce basilin zai yi mana mu masu zane, amma mahaifina yakan yi gudawa duk lokacin da aka canza masa magani. A irin waɗannan kwanakin zan iya haɗa zink da basilin a kwaɓa wuri guda don robar ta daɗe, ko kuwa a ajiye zink ɗin daban sai ranar da gudawar ta zo?

Famasis_Aminu:
Ka ajiye shi daban, Malam. Yawancin mayukan zink an riga an haɗa su da basilin ko wani mai tun daga masana'anta, idan ka ƙara sai ka rage ƙarfinsa daidai ranar da ka fi bukatarsa. Ka kuma gaya wa likitan da ke rubuta maganin cewa yana sa shi gudawa, wataƙila akwai wani da zai maye gurbinsa.